Kifin da Kawu Ya Kai wa Soja

Mu masuntan bakin ruwan Gaya muna da wata al'ada da Kawu Arzika ya riƙe kamar sallar farilla. Duk ruwan da ka shiga wanda ba na garinku ba, kifin da ya fara faɗa wa tarunka na mai ruwan ne. Sai ka neme shi duk inda yake, ka ajiye masa a gabansa, ya sa maka albarka, sannan ka ci gaba da sana'arka. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, shi ya ɗauke ni muka gangara kudu neman kifi, 'yan shekaru bayan Faransawa sun miƙa mulki. Mu biyu ne a jirgi ɗaya, shi a baya da filafili, ni a gaba da gwangwala. Tun kafin mu kai Yawuri na gaji da al'adar nan, don ban san dalili ba, kifi mafi girma shi ke fara shiga taru, kuma ina ji ina gani za a kai wa wani tsoho da ko ƙafarsa ba ta taɓa ruwa ba ranar.

A Lakwaja, inda Binuwai ta haɗu da ruwanmu, aka fara yi mana wayo. Wani mutum mai jar hula da sanda ya tare mu a bakin gaɓa, ya ce shi ne sarkin ruwan wurin. Kawu ya durƙusa ya miƙa masa giwan ruwa mai tsawon yaro. Kafin la'asar muka gan shi cikin kasuwa yana yanka shi gunduwa-gunduwa yana sayarwa, ashe dillali ne. Na zabura zan shaƙe shi, Kawu ya riƙe mini riga, ya ce mu dai mun sauke hakkin ruwa, shi dillalin ya san wanda zai yi shari'a da shi. Washegari muka kama wani, muka kai wa mai ruwan na gaskiya. Na ce da Kawu in haka za mu riƙa yi, gara mu koma gida mu yi noman shinkafa.

Muka wuce Ida, ruwa ya yi faɗi, dabinon manja ya maye gurbin giginya. A gaɓar yamma muka sami wurin zama, wani ƙauye da ke can cikin ƙoramu. Daga babban kogi ba ka ganinsa. Sai ka shiga wata 'yar ƙorama, ta rabu, ta sake rabuwa, duk bakinta iri ɗaya, baƙo ko da rana tsaka sai ya ɓace. Mai ruwan wurin wani tsoho ne, Baba Okolo, wanda ya yi fataucin banda a Lakwaja tun yana saurayi, ya iya Hausar kasuwa. Ya karɓi kifinmu da hannu biyu, ya nuna mana wani tsibiri inda za mu kafa tunga, shi da kansa ya koya mana hanyoyin ƙoramun.

Kifi kam mun samu. Abin da ya dame ni ciki ne. Doya da rogo safe da yamma, har na fara mafarkin furar gero da nonon Fulanin Yelu. Wata rana matar Baba Okolo, wadda kowa ke kira Mama Ada, ta same ni na tasa kwano a gaba ban ci ba. Ba ma jin yaren juna, amma ta gane. Bayan kwana biyu ta aiko mini da tuwon masara da ta daka da hannunta. Ya yi ruwa-ruwa, miyar kuma manja ne zalla da barkono, amma na cinye shi tas ina share hawaye, na ce barkonon ne.

Muna nan sai labari ya fara zuwa daga Arewa cewa ana kashe mutanen Gabas da duk mai jin yarensu. Mutanen ƙauyen nan yarensu ɗaya da na mutanen Gabas da ke hayin kogi, kuma suna da 'ya'ya a Kano da Jos. Waɗanda suka tsira suka fara dawowa, wani da sara a ka, wani ba matarsa. Mu kuwa ga mu da hula da carbi, muna Hausa. Wa zai tsaya ya ji cewa mu mutanen Nijar ne? Samari suka taru da adduna za su zo tunga. Baba Okolo ya sa jirginsa a bakin ƙoramar da ke zuwa wurinmu, ya zauna a ciki. Daga baya muka ji abin da ya ce musu: waɗannan sun ba ruwa hakkinsa, ya karɓa, ya ci, wanda zai taɓa su sai ya fara kifar da shi. Suka yi ta hayaniya, suka watse. Tun daga ranar ba mu sake zuwa kasuwa ba, Mama Ada ke karɓar bandarmu ta kawo mana gishiri da rogo.

Mun so mu gudu gida, amma hanya ta rufe, sama da ƙasa duk bindiga. Sai yaƙin ya iso da kansa. Mu a ruwa muka fara ganinsa kafin mu ji ƙararsa. Wani baƙin mai ya riƙa gangarowa yana kwanciya a kan ciyawar gaɓa, tsuntsayen ruwa su sauka su kasa tashi. Bayan shi sai gawawwaki. Na farko muka jawo shi muka binne, na biyu ma haka, daga nan suka fi ƙarfinmu, sai dai mu ture su da gwangwala mu yi musu addu'a. Na daina cin tarwaɗa a wannan shekarar, don na ga abin da take ci, kuma har yau da nake zaune a Gaya ban koma ba. Wani ƙauye da ke sama da mu, inda muke sayen igiya, aka ce an yi harbi daga cikinsa, sai aka cinna masa wuta. Da muka bi ta wurin, dabinon manja sun tsaya baƙi ƙirin ba ganye, rumbunan doya sun zama toka, ko kaza babu.

Ba a daɗe ba sojojin gwamnati suka kafa sansani a bakin babban kogi, daidai mashigar ƙoramarmu. Ni na ce mu lafe a tsibiri kamar ba mu, tunda ba su san da mu ba. Aka kwana biyu, rana ta uku Kawu ya jawo ragon ruwa daga mamari, igiyar ƙugiyoyinmu, ya wanke shi, ya ce in ɗauko filafili.

"Kawu, ina za mu?"

"Bakin ruwa ya sake hannu, Gado. Wanda duk ka iske shina riƙe da mashiga, shi aka ba kifin hwari. Haka munka gada."

Na ce soja ba sarkin ruwa ba ne, ba ya sa albarka, kuma mai ruwan nan yana raye, mun riga mun ba shi. Ya ce ai bai ƙwace wa Okolo kome ba, gaisuwa ce kawai don a bar mu mu yi sana'armu ta su cikin natsuwa. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Amma ɗan 'yar'uwa ba ya barin kawunsa ya tafi wurin bindiga shi kaɗai, na shiga jirgi ina ƙunƙuni.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Sojojin nan sun daɗe ba su ga ɗanyen kifi ba. Suka karɓa da murna, suka ja jirginmu kan tudu, suka ce daga yau mu ne masuntan sansani. Kullum da safe a sa mana soja ɗaya a jirgi, mu fita, mu dawo, a kwashe. Wanda aka ɗora a kanmu wani saje ne, Lawal, mutumin Katsina. Da ya ga zanen fuskar Kawu sai ya fashe da dariya, ya ce Allah ya kawo masa bayinsa Kabawa har cikin daji. Kawu ya ce ai bai taɓa ganin ubangidan da bawa ke ciyarwa ba, kuma Bakatsine da ya ga ruwa ya kai gwiwa sai ya fara kalmar shahada. Wasan da ke tsakanin Kabawa da Katsinawa shi ya sa muka sami mai jin maganarmu a wurin. Shi ke ɓoye mana shinkafa, shi ya hana a yi mana duka ranar da na zagi wani kofur.

Dalilin zagin kuwa, sun ce tarunmu na da jinkiri. Sai kofur ɗin ya kai mu wani gurbi mai zurfi inda kifi ke ƙwai, wurin da Baba Okolo ya hana kowa jefa taru sai ruwa ya janye, ya zare gurneti ya jefa. Ruwa ya tashi sama, ya dawo. Can sai fuskar gurbin ta yi fari fat da cikin kifi, manya da 'yan ƙanana kamar yatsa, waɗanda ko kyanwa ba za ta tsaya ci ba. Suka tsinci manyan, sauran suka bi ruwa. Da yamma wata ayu, babbar dabbar ruwan nan, ta taso a mace, jini na fita ta hancinta. A gida, mutum sai ya shekara yana shiri kafin ya fuskanci ayu, kuma in ya same ta gari duka ke ci. Kawu ya zauna a bakin jirgi yana kallonta, hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa ganin ya yi kuka ba, ko ranar da aka binne matarsa.

Sai abin da nake tsoro ya faru. Wata safiya sojoji biyu suka je ɗibar ruwa, aka harbe su daga cikin ciyawa, ɗaya ya mutu nan take. Hafsan sansanin, wani matashi da ba ya jin Hausa, ya sa aka kira mu, Saje Lawal na fassara. Ya ce ya san akwai ƙauye a cikin ƙoramun nan, ya san daga can maharban suka fito, mutanensa sun nemi hanya sun ɓace. Mu mun san hanya. Gobe za mu shiga gaba, jiragensa na biye.

Na tuna ƙauyen masu igiya. Mutumin da ya zauna a bakin ƙorama ya tare mana adduna, mu ne za mu kai wuta gidansa. In mun ƙi kuwa, ga bindiga a kan tebur, ba sai an fassara mana ita ba. Na dubi Kawu da idon da ke cewa ga kifinka nan. Bai dube ni ba. Ya roƙi saje ya tambayi hafsan abin da yake so: garin, ko masu bindigar?

Hafsan ya ce yana so a daina kashe masa yara.

"To ka hwaɗa mishi," in ji Kawu, "in ya shiga da wuta, masu bindiga su tsere cikin ciyawa, tsohi da mata ka ƙonewa. Kuma ƙoramar nan jirgi ɗai-ɗai taka ɗauka, wanda ad da bindiga guda shina iya tare goma. Shi bari mu tahi da baki tukuna. In baki ya kasa, hanya ba ta gudu."

Saje ya daɗe yana magana da Turanci, fiye da abin da Kawu ya faɗa, na tabbata ya ƙara nasa. Hafsan ya riƙe kansa da hannu biyu. Na lura idonsa ja ne, kuma wanda aka kashe ɗin, daga baya na ji, shi ke dafa masa shayi tun farkon yaƙi. Da ya ɗago sai ya ce ɗaya zai tafi, ɗaya ya zauna. In rana ta take tsaka gobe ba a dawo da dattawan garin ba, wanda ya zauna zai ja sojojin zuwa garin, ko yana so ko ba ya so. Na ce Kawu ya tafi, shi ya iya magana, ni bakina ba ya gyara kome. Kawu ya ce tsoho ya fi nauyi a jingina, kuma in ta ɓaci ni nake da ƙarfin tuƙi.

Haka na shiga ƙoramun ni kaɗai, da hantsi, ina tuƙi ina tsine wa ragon ruwa da wanda ya kama shi. Tun kafin in kai gaɓa aka auna ni da bindiga. Samari ne kamar shida, rabinsu ba 'yan garin ba ne, sojojin hayin kogi ne da aka baro a baya. Ɗaya kuwa na san shi, jikan Baba Okolo ne, wanda aka kashe wa uba a Arewa. Suka ce ni ɗan leƙen asiri ne, na ci abincinsu na koma ina ciyar da maƙiyansu. Maganar ta yi zafi don akwai gaskiya a cikinta. Na ji zuciya ta taso mini, na haɗiye ta da ƙyar, na ce a kai ni wurin mai ruwa.

A gindin bishiyar da suke taro na faɗa wa Baba Okolo kome, har da kifin da Kawu ya kai. Ya girgiza kai, ya ce Arzika mutumin kirki ne amma ba shi da wayo. Ya juya ya fassara wa jama'a. Wuri ya kaure. Samarin suka ce a bar soja su shigo, ƙorama za ta zama kabarinsu. Na ce ko sun kashe jirgi uku, akwai babbar bindiga a sansanin da ke jefa wuta daga nesa, na gan ta da idona, ba ta bukatar sanin hanya sai ta ga hayaƙi. Jikan ya ce a kashe ni, a riƙe ƙorama. Aka yi ta ja har la'asar, ni ina zaune kamar akuyar da ake ciniki.

Mama Ada ce ta raba gardamar. Ta tashi ta shiga gida, ta fito da wata jaririya a hannu, ɗiyar jikan nan ce, ta ɗora masa ita a kan bindigarsa, dole ya saki bindigar ya tare yarinyar. Ta yi magana ba ta ɗaga murya ba. Baba Okolo ya gaya mini abin da ta ce: in yaƙi yake so, ga kogi nan, ya haye ya yi shi inda ake yinsa, amma ya tafi da 'yarsa, don ita ba za ta tsaya tonon ta cikin toka ba. Sauran matan suka taso suka tsaya a bayanta. Kafin rana ta faɗi samarin suka kwashe bindigoginsu, aka fitar da su ta wata ƙorama ta kudu, suka haye gabas. Jikan ya miƙa wa kakarsa yarinyar, ya bi su.

Da safe na ɗauko Baba Okolo da dattawa biyu. Na ba shi shawara mu riƙa wa hafsan ɗan kifi, ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce shi ne mai ruwa, baƙo ke kawo masa. Muka isa sansani rana ta kusa tsaka, jirage an riga an jera su, Kawu na zaune a na gaba da soja a bayansa. Baba Okolo ya ƙi fitowa daga jirgi, ya zauna ya harɗe hannu. Hafsan na tsaye a tudu yana jira, fuska ta fara ɓaci. Na ce a raina, mun tsallake kogi za mu nutse a kwata. Kawu ya raɗa wa saje abin da ake ciki. Saje ya ce Kabawa da abokansu za su kashe shi da al'ada, ya ruga tantinsa, ya dawo da gwangwanin kifi ɗaya na rabonsa, ya shiga ruwa har gwiwa da takalmansa, ya miƙa da hannu biyu. Baba Okolo ya juya gwangwanin, ya duba hoton kifin da ke jiki, ya sa a aljihu, sannan ya fito.

Sun daɗe suna magana. Dattawa suka ce masu bindiga sun tafi, kuma ba za a sake harbi daga ruwansu ba. Hafsan ya ce sai ya gani da idonsa, gida-gida. Baba Okolo ya yarda, ya roƙi abu biyu, kada a taɓa mata, kada a sake jefa wuta a gurbin ƙwai. Hafsan ya ce na farko ya ɗauka, na biyu zai duba.

Ni na ja su. Ina gaba da gwangwala, jirage cike da soja na biye da ni. Da muka isa aka ce ni da Kawu mu tsaya a lanƙwasar ƙorama mu tsare jirage. Daga nan ba ka ganin gari, sai kan bishiyoyi. Muka zauna muna sauraro. Kare ya yi haushi, yaro ya yi kuka, aka yi shiru. Ina ta jiran ƙarar farko. Can sai na ga hayaƙi ya taso daga bayan bishiyoyi, siriri, sannan wani a gefensa. Na miƙe tsaye, na ce shi ke nan Kawu, mun ƙone su.

Kawu ya ɗaga hanci ya shaƙa, ya sake shaƙa.

"Zamna, Gado. Wanga ba jinka ta ba. Manja na aka soyawa."

Na shaƙa ni ma. Manja ne, da albasa. Na zauna a cikin ruwan da ke ƙasan jirgi, ina dariya ina kuka. Ashe da aka gama bincike ba a sami kome ba, Mama Ada ta sa mata suka hura wuta, ta ce sojan da ya ƙoshi ya fi saurin komawa inda ya fito.

Bayan 'yan makonni aka kawo wa sansanin abinci ta mota, saje ya yi mana magana aka sake mu. Jirginmu muka bar wa Baba Okolo, don kogi ta sama bai buɗe ba. Muka hau bayan kamiyon soja, babbar motarsu ta kaya, zuwa Lakwaja, daga nan motar goro, daga nan ta shanu, har Kamba, muka ƙarasa Gaya a ƙafa da tabarma ɗaya. Duk hanyar kudu muna wuce garuruwan da ba su sami wanda zai je musu da baki ba. Mahaifiyata ta riga ta yi mana sadakar mutuwa, da ta gan mu sai ta fara yi wa ƙanenta faɗa tun bai zauna ba, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana shan fura.

Yaƙin ya ci gaba bayanmu har wajen shekara biyu. Ban sake jin labarin Baba Okolo ba, ban san ko jikansa ya dawo ya ga 'yarsa ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na sani ba. Ni dai da hannuna na kai soja garin nan, kuma ranar da muka je sallama, ɗakunansa duk suna tsaye da jinkarsu, Mama Ada na shanya rogo a tsakar gida.